Shinkafar da Mu'awiya Ya Maido

Sallama gare ku 'yan uwa, da fatan kowa ta wuni lafiya, ya yara, ya aikin gida. Ku gyara zama, don yau kaina a ɗaure yake, wataƙila a cikinku a samu wadda za ta gane mini abin da ni na kasa ganewa.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Raliya, autar Alhaji Na'Allah mai hatsi a kasuwar Tambuwal. An sa ranar aurena da Mu'awiya, mutumin Kebbe, saura wata biyu da kwana tara. Na ce an sa, amma a yadda nake wannan rubutu ni kaina ban san ko ranar tana nan ba.

Shekara uku Mu'awiya ya yi yana neman aiki bayan ya gama karatun akanta. Duk Asabar zai taso a kan babur ta wannan hanya tasu mai kwazazzabo, ya iso da jar ƙasa har a gira, ya tsaya a ƙofar gida yana kakkaɓe shaddarsa guda ɗaya mai ruwan toka. Baba bai taɓa goranta masa ba. Cewa yake yaro ne mai kunya, aiki kuma na Allah ne. Kakata, Iya Maimuna, wadda ta haifi Baba, ita kam tun ranar farko ta ce mijinta ne, ni kwace na zo yi.

Da gwamnati ta ce za ta ɗauki sabbin ma'aikata ɗari uku a hukumar haraji, Kawu Ɗangiwa, ƙanen Innarmu, shi ya kawo labarin. Mu'awiya ya je ya yi jarrabawa, sunansa ya fito. Ranar Iya ta rangaɗa guɗa sai da tari ya sarƙe ta. Ni kuwa na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi ta kallon hoton da ya turo mini, ga katin aiki rataye a wuyansa, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Ashe wannan katin ne zai hana mu barci.

Ba a yi wata guda ba rediyo ya ɗauka. Kullum da safe muna shan kunu ana musu a kan ma'aikatan nan. 'Yan adawa a majalisa suna cewa 'ya'yan jam'iyya aka kwaso, an ba su biro don su matsa wa wanda bai zaɓi gwamnati ba. Masu mulki kuma suna cewa a da ofishin babu mutane, shi ya sa ƙananan 'yan tireda kaɗai ake bi da rasit, manya ba mai lokacin duba su. In na ji wannan sai in ce gaskiyarsa, in na ji wancan sai in ce shi ma gaskiyarsa. Baba ɗan adawa ne, duk gari an sani. Kawu Ɗangiwa kuwa hular jam'iyya mai mulki ko a gidan suna ba ya cire ta.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko na kai musu fura a zaure, na tarar an fara.

"Mutum ɗari ukku, Ɗangiwa," in ji Baba. "Hanyar Kebbe kamar an yi huɗa bisanta, babu kuɗin gyara, amma an samu na ɗaukar masu leƙen rumbun mutane."

Kawu ya karɓi ludayi. "To da da babu su, wa anka kama? Mai tumatur da mai ƙosai. Ku masu sito ukku-ukku kuna zaune kuna shan iska."

"Sito biyu gare ni."

"Na bayan masallaci fa, na aljanu na?"

"Na haya na. Kai ko akurkin kaji ba ka da, shi ya sa bakinka ke da kaifi."

Kawu ya yi dariya har fura ta zubo masa a gemu. "Surukinka na ciki dai. In 'yan jam'iyya anka ɗauka, to ka ba ɗan jam'iyya ɗiya."

Baba ya ce, "Wanga yaro da ƙoƙarinai ya shiga." Sai ya gan ni tsaye da faranti. "Ke mi kika jira? Ko ke ma an ɗauke ki aikin?"

Na fito ina dariya. A lokacin abin duk wasa ne.

Ranar Alhamis ta makon jiya aka kai wa Baba takarda a shago. Ana so ya kawo littattafan cinikinsa na shekara biyu a duba. 'Yan kasuwa goma sha biyar aka aika wa a Tambuwal. Baba ya zauna a tsakar gida yana lissafa su da yatsu, ya ce goma sha ɗaya 'yan jam'iyyarsu ne. Kawu ya ce goma sha ɗayan nan su ne masu manyan sito a garin, a je a auna. Ni ma na shiga ɗaki na jera sunayen a zuciyata. Wallahi duka biyun haka ne.

Na rubuta wa Mu'awiya: "Ranka ya daɗe mai haraji, wa ya sa sunan Baba?"

Ya amsa: "Na'ura ce ke zaɓa, gwargwadon girman sito da motocin kaya."

"Na'ura ta san jam'iyya?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar a saman waya. Can sai ga shi: "Bayan ta zaɓa, shugaban ofishinmu, Oga Jumare, yana dubawa."

"Yana dubawa ko yana gyarawa?"

"Raliya, wata uku gare ni a wurin nan. Ban sani ba. Abin da na sani, an raba mana takardun shiyyar Tambuwal ɗaya-ɗaya. Ta Baba teburina aka ajiye."

Na ajiye wayar a kan katifa na kifa ta. Ban san ko murna zan yi ba ko kuka.

To, a nan sai na yi muku bayanin wata al'ada ta gidanmu, don a kanta komai ya rikice. Duk shekara in an yanke shinkafar fadama, Baba yakan aika buhu ɗaya na sabuwa gidan kowane surukinsa. Tun auren babbar yayarmu ake yi, ba a taɓa fashi ba, ko shekarar da ruwa ya cinye rabin gonar. Bana tunda an sa rana, gidan su Mu'awiya ya shiga layi. Ranar Lahadi Isah direba, wanda ke jigilar kaya zuwa Kebbe, ya zo ya ɗauka. Kwana uku ke nan da zuwan takarda. Ni ko a raina ban haɗa abubuwan biyu ba.

Ranar Talata da azahar saƙo ya shigo: "Ina hanya." Ba Asabar ba ce, amma ban tsaya tunani ba. Na yi wanka, na ɗauko atamfata mai ganyen kore da ɗigon ruwan goro, wadda ya taɓa cewa ta fi kowacce karɓata. Na ɗaura ɗankwali sau uku ina kwancewa. Na turara mayafi da turaren wuta na Inna, na goga humra a wuyan hannu, na zizara kwalli. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ta bi ni da ido.

"Duk wanga fenti don mijina? Ki yi ki gama, ni da ɗan zanena zan fito shi manta da ke."

"Iya, haƙoranki nawa suka rage?"

"Fuɗu. Sun ishe ni in cije ki."

Bayan la'asar na ji tsayuwar babura, ba ɗaya ba, biyu. Na lallaɓa zaure na leƙa ta kafar ƙyaure. Baba yana kan tabarma a inuwar dalbejiya da mutanensa, kusan su takwas, har da Kawu. Kowane babur da buhu ɗaure a baya, da sunan Baba rubuce da shuɗin fenti. Mu'awiya ya sauko, ya bar ɗan rakiyarsa a kan ɗaya babur ɗin, ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa. Katin aikin nan yana lilo a ƙirjinsa. Da ma ya tura shi cikin riga.

Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Baba, na zo neman afuwa. Saƙo ya iso gida, mahaifina ya gode, ya sa albarka. Amma dokar aikinmu ta hana in karɓi komai daga wanda takardarsa ke hannuna. Na ce in kawo da kaina, kada in aiko."

Ku da kuka san garuruwanmu kun san abin da ake nufi in gidan saurayi suka maido kyautar gidan budurwa, a gaban jama'a, da rana tsaka.

Baba ya dubi buhunan. "Biyu nika gani."

"Biyu aka kawo, Baba."

"Guda na aika. Kamar yadda nika aika ma kowa."

Wani dattijo a gefe ya yi gyaran murya. Wani ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Na ga abin da ke cikin ransu kamar an rubuta: sauran surukai buhu ɗaya, mai haraji biyu, kwana uku bayan takarda.

Baba ma ya gani. Fuskarsa ta canza.

"Wato cin hanci na ba ka."

"Wallahi Baba ban ce haka ba."

"Ba ka ce ba, ka ɗauro shi bisa babur ka zagaya da shi gari. Shekara talatin nika wagga kasuwa, ko mudu ban taɓa tauyewa ba. Yau yaron da na ba ɗiya shi ka nuna ma mutane ni mai toshiyar baki na."

Kawu ya sa baki. "Alhaji, yaron ga gaskiya ya yi. Abin da munka ce muna so ke nan, ma'aikacin da ba ya karɓa."

"Kai ka kawo shi aikin, kai za ka mai da musu kayansu. Jumma'a ka zo ka kwashi kayan sa rana."

Baba ya tashi ya shigo. Ban samu damar gudu ba, muka yi kiciɓis a zaure, ni da kwalliyata da ƙamshina. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya wuce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mu'awiya bai nemi ganina ba. Na ji tashin baburansu.

Inna ta ce in ci tuwo, na ce na ƙoshi. Tambayoyi ne cike da cikina. In Baba buhu ɗaya ya aika, na biyun daga ina? In biyu ya aika, to ubana ne ya yi rantsuwa a kan ƙarya? Shi kuma Mu'awiya, da ya ajiye buhunan a ɗakin mahaifiyarsa ya yi shiru, wa zai sani? Sai wata zuciyar ta ce, a Kebbe kowa zai sani, tun kafin Isah ya kashe mota. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, kuma can ƙasan raina, ku yafe mini, na ji ya burge ni.

Yau Laraba Baba ya fita da sassafe zuwa Fakku sayen gero, inda waya ba ta shiga. Wajen ƙarfe goma ina shafa wa Iya man zafi a gwiwa, saƙo ya shigo. Hoton wata takarda ce, an zagaye layi ɗaya da jan biro.

Na rubuta: "Mene ne wannan?"

"Kowa sai ya cika kafin ya buɗe takardar ɗan kasuwa. Suna tambaya ko akwai alaƙa tsakanina da mai ita. Ƙarfe biyu za a karɓa."

"To ka cika mana."

"In na rubuta surukina ne, za a ɗauke takardar daga hannuna a ba Oga Jumare. Shi ne ya garƙame shagon abokin Baba da kwaɗo watan jiya, kafin a gama dubawa. In na rubuta babu alaƙa, takardar tana hannuna, zan duba tsakani da Allah. Amma na sa hannu ke nan cewa babu komai tsakaninmu. In aka ɗaura aure bayan wata biyu, korata za su yi, kuma duk abin da na duba ya rushe."

Kafin in amsa wani ya biyo: "Baba ya ce Juma'a. Ni ban san matsayina ba. Ke za ki faɗa mini. Me zan rubuta?"

Hannuna ya tsaya a gwiwar Iya. Ta ce, "Ke, shafa kika yi ko addu'a?"

Na karanta mata duka. Ta saurara tana tauna goron da ta daka a ɗan turminta.

"Shi rubuta ni matatai ta. Ai gaskiya ta."

"Iya, don Allah."

Ta dubi ƙofa, ta dubi buhunan nan biyu da aka jingine a bakin rumbu tun jiya, ba wanda ya yarda ya taɓa su.

"Raliya, matso. Buhun ga na biyu nawa na."

Na zuba mata ido.

"Na 'yar fadamata da kakanki ya bar min, cikin buhun ubanki anka zuba. Da Isah ya zo ɗauka, ubanki na kasuwa, na ce shi ƙara da nawa. Na ce shi ce musu ɗaya na suruki, ɗaya na amarya tsohuwa. Shashashan ya sauke kaya ya karɓi tukwici ya manta da saƙon."

"Jiya kina ji ana ta faɗa, me ya hana ki magana?"

"A gaban maza takwas? In fito in ce ni na ja ma ɗana kunya?" Ta goge ido da gefen zane. "Ni ina na san shinkafa ta zama laifi? Da can in kana son mutum abinci kaka ba shi. Yanzu sai an cika takarda. Bari shi dawo, ni zan faɗa mishi da bakina."

"Sai la'asar zai dawo, Iya. Ƙarfe biyu za a karɓi takardar."

Na gwada lambar Baba sau shida, ba ta shiga. Na kira Kawu, ya ce Jumare ba dodo ba ne, 'yan adawa ne suka ɓata masa suna, amma da na tambaye shi maganar kwaɗon sai ya ce yana kan babur, zai kira ni. Bai kira ba. Inna ta ce ita ba ta shiga tsakanin miji da ƙane, in yi istihara. Na yi alwala, na yi sallah, na tashi kaina ya fi da ɗaurewa.

Na koma wurin Iya. "In Jumare ya buɗe littafin Baba, me zai gani?"

"In ɗana na da gaskiya, ko wa ya buɗe ita za shi gani."

"Yana da ita?"

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa. "Mudunai cikakke na, wannan na sani. Abin da shika ba gwamnati kam, ban taɓa tambaya ba."

Ƙarfe ɗaya da rabi ya rubuto: "Raliya?" Biyu saura kwata: "Ina riƙe da biro."

'Yan uwa, kada ku ce na yi tunani mai zurfi. Ban yi ba. Na tuna shi durƙushe a gaban tabarma, takalminsa can nesa. Na tuna shekara uku na jar ƙasa a gira. Na ce mutumin da ya ƙi karɓar shinkafar da ba ta da laifi, ni zan sa ya rubuta ƙarya? Amma kuma ba zan ɓoye muku ba, ba gaskiya kaɗai nake karewa ba. Aurena nake so.

Na rubuta: "Rubuta suruki."

Na tura. Alamar ta zama shuɗiya nan take. Minti goma babu komai. Sannan: "Na miƙa. An kai takardar Baba ofishin Oga Jumare. Allah ya bar mu tare."

Na zauna a bakin gado da wayar a cinya har aka kira la'asar.

Sallamar Baba na ji a tsakar gida, da muryarsa ta kullum, ba ta jiya ba. "Ina autata?"

Na fito da hijabin sallah. Rigarsa duk ƙura, yana riƙe da 'yar ƙwarya an rufe da faifai. Ya miƙo mini. Ƙwan zabi ne, guda goma sha biyu, ya san tun ina ƙarama nake son su.

"Idonki ya kumbura. A soya miki." Ya zauna a kan turmi yana cire takalmi. Iya ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. "Iya, bari in fara. Hanyar Fakku na da tsawo, na yi tunani. Yaron ga ya kunyata ni, har gobe ban ji daɗi ba. Amma wanda ya iya maido ma surukinai shinkafa, babu mai sayen shi, ko Jumare, ko jam'iyya. Cikin mu goma sha biyar ni kaɗai Allah ya taimaka, takardata ta faɗa hannun mai tsoron Allah."

Ya dube ni, har da ɗan murmushi.

"Na fasa maganar Jumma'a. Ga waya nan hannunki, ki ce mishi na huce. Shi riƙe takardata da kyau, kada shi bari kowa ya taɓa ta."

Iya ta dube ni. Na dubi ƙwaryar da ke hannuna, na dubi wayar.

Baba ya ce, "Rubuta mana, ina jira."